Nonon da Ya Ƙi Ƙafewa

Talata 7 Oktoba, da hantsi

Mama Evelyn ta zo ta sake ɗaure mini ƙirji. Da tsohon zanen zumuntarta take ɗaurewa, wanda ya koɗe har rubutun jikinsa ba ya karantuwa. Ta sa gwiwa a bayana ta ja, kamar mai ɗaure damin gero, ta ce in daure, kwana kaɗan ne nonon zai ƙafe. Na ce mata ni ce malamar asibiti a garin nan, na san wannan ɗaurin ba ya cikin abin da aka koya mana. Ta ce karatuna daban, ƙirjina daban. Ita ce shugabar matan zumunta a 'yar cocinmu ta Nasarawa Burkullu, kuma ba a yi wanda zai ja da ita ya ci ba, har mijinta.

Ita ta wanke gawar ɗana. Ita ta naɗe shi, ita ta riƙe ni a bayan coci lokacin da mijina Dennis da sauran maza suke mai da ƙasa. Uwar da ta haife ni tana can gida, waya ma ba ta samunmu. Saboda haka duk abin da Mama ta ɗaura mini zan bari.

Baba Jacob, dattijon da ke yi mana sujada tun da fasto ya daina iya zuwa daga Gummi, ya ce Ubangiji ne ya bayar, shi ne kuma ya karɓa. Na ce amin. Bakina ya ce amin, amma jikina bai ji wa'azin ba. Kafin Mama ta kai ƙofar gida zanen ya jiƙe.

Alhamis 9 Oktoba, da la'asar

Na lura duk sun koma kirana Philomena. Da can sunan yaron suke haɗawa da nawa, har na manta ina da wani suna. Yanzu kowa yana kewaye sunan kamar rami a hanya. Na san tausayi ne. Ni ma ga shi ban rubuta ba.

Mardiyya, 'yar Inna Hajara mai gidan da muke haya, ta zo mini gaisuwa daga Adabka a makon jiya, da jaririyarta Surayya a bayanta. Tare muka yi jego a gidan nan, Inna na dama mana kunun kanwa a tukunya ɗaya, muna zaune a tabarma ɗaya muna gwada wa ya fi ƙiba. Da na hango kan yarinyar ta labule sai na juya fuska bango na yi kamar barci nake. Ta daɗe a bakin ƙofa kafin ta tafi. Yau abin ya dawo mini, ban san dalili ba.

Asabar 11 Oktoba, bayan azahar

Wani abu ya faru a gonakin Adabka. Tun hantsi babura ke shigowa gari, kowa da mata da yara a baya, ba mai ɗauke da kaya. Na fita ƙofa, duk wanda na tambaya sai ya ce sai addu'a.

Magaji, mijin Mardiyya, ya shigo da Surayya ɗaure a ƙirjinsa da rawani. Shi kaɗai da ita. Ya miƙa wa Inna, ya tsuguna a gindin turmi. Abin da na ji ya faɗa kawai shi ne Mardiyya ta tafi kai wa masu girbi hura, ta bar yarinyar tana barci, 'yan bindiga suka kwashe su. Inna ba ta yi kuka ba. Ta goya yarinyar ta ci gaba da tsince waken da take tsincewa, tana zuba mai kyau a cikin dattin.

Lahadi 12 Oktoba, bayan sujada

Benci biyu ne kawai suka cika. Baba Jacob ya ce za mu yi azumi duk makon nan, mu tambayi Ubangiji ko mu zauna ko mu tashi. Ya ce mu iyali ɗaya ne, tare muka zo cin abinci ƙasar mutane, abin da Allah ya faɗa wa ɗaya ya faɗa wa duka, ba wanda zai yi gaban kansa. Muka ce amin. Na ji daɗin maganar, gaskiya. Ina son a yanke mini shawara, na gaji da kaina.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Inna. Yarinyar tana kuka tun jiya. Duk lokacin da ta tsandara sai in ji ƙirjina ya amsa, kamar an kira shi da suna. Na toshe kunne da filo. Ƙirji ba shi da kunnen da za a toshe.

Litinin 13 Oktoba, da hantsi

Kukan ya canza. Wanda ya yi aikin asibiti ya san wannan canjin, kukan da ya daina neman taimako. Na je ɗakin maganinmu na duba duk da na san babu, madarar jarirai ko gwangwani ɗaya ban samu ba, mota ba ta shigo da kaya ba tun daminar nan. Na dawo na tarar da Inna a ƙofar ɗakina.

Ta ce, "Hilo, mun ba ta nonon akuya ta amayas. Mun ba ta na shanu da cokali ta amayas. Matan da ka shayarwa cikin unguwag ga dut sun watse, wadda tar rage nata ɗan ma bai ƙoshi."

Na ce, "Inna, an ɗaure ni."

Ta ce, "Na gani. Ba ke ni ka roƙo ba, Allah ni ka roƙo. Ke dai na iske bakin ƙohwa."

Ta ajiye mini ita a cinya ta fita. Maɗigar kan yarinyar ta faɗa ciki, leɓenta ya bushe. Ban yi addu'a ba, ban tambayi kowa ba. Ƙullin Mama Evelyn ya ƙi kwancewa, da haƙori na kwance shi.

Litinin, da magariba

Ta sha. Ta yi barci. Ni kuwa na zauna ina kallonta.

Laraba 15 Oktoba, da azahar

An kama ni. Inna ta ce mai shayarwa ba ta azumi ko a addinin wa, ta dangwara mini ƙwaryar kunun kanwa da zafinsa. Ina cikin sha, yarinya a ƙirji, kunu a haɓa, sai ga Mama Evelyn ta ɗaga labule, leɓenta fari fat da azumi. Ta dubi ƙwarya, ta dubi yarinya, ta dubi zanenta a ƙasa.

Na shirya a yi mini faɗa, faɗa na iya amsawa. Sai ta zauna a bakin gado ta ce, "'Yata, ba na ce kin yi zunubi ba. Amma ki tambayi zuciyarki, don yarinyar kike yi ko don kanki? Allah ya rufe ƙofa, ke kina leƙawa ta taga. Ranar da za a karɓe ta daga hannunki, wa zai riƙe ki? Ni ba ni da ƙarfin riƙe ki sau biyu."

Na ce yarinyar mutuwa za ta yi. Ta ce ta sani. Ta ɗauki zanen ta ninke ta tafi da shi.

Tambayar ta zauna mini kamar ƙaya a dunduniya. Don wa nake yi? Idan ta kama nono nakan rufe ido. Ba sai na faɗi abin da nake gani ba idan na rufe.

Dennis kuwa kauce mana yake yi. An rufe makarantarsu, yana gida wuni, amma da ya ji an kawo ta sai ya ɗauki kujera ya koma zaure.

Asabar 18 Oktoba, da hantsi

Yau na ga ƙarshen girman kaina.

Surayya ta yi zawo sau biyu, abin da kowane jariri ke yi. Sai ga Gwaggo Zinatu, yayar uban Magaji, wadda ta gudo daga Adabka take kwana a gidan nan. Ta tsaya tsakar gida ta ce, ba da ƙaramar murya ba, "Nonon da yak kashe nata ɗa, shi za a ba tamu? A gwada shi tukun."

Gwajin tururuwa. Ni da nake tara matan garin nan ranar awo ina ce musu wannan camfi ne, tururuwa ba likita ba ce, su daina zubar da nonon farko. Har waƙa na koya musu. Yau ni ce na tatsa a ludayi da hannuna. Gwaggo ta kamo baƙaƙen tururuwa daga gindin rumbu ta jefa ciki. In sun fito, nono lafiyayye ne. In sun mutu a ciki, mugu ne.

Na so in yi dariya, na so in yi zagi. Ban yi ko ɗaya ba, don na gane ina son in sani. Tun ranar da muka koma daga bayan coci nake tambayar kaina ko daga jikina ne, ko wani abu ne na gani ban gane ba, ni mai takarda. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na tsuguna a kan ludayin tare da tsofaffi, na kama kaina ina cewa, ya Yesu, ka fid da su. Addu'ar farko da ta fito daga cikina tun rasuwar, a kan tururuwa na yi ta.

Suka yi ta iyo. Ɗaya ta kama gefe ta zame. Ta sake kamawa ta fito, sauran suka biyo ta. Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "To, a ba ta." Inna ta watsar da ludayin ta ce wa Gwaggo wata magana da ba zan rubuta ba.

Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba a bayan coci. Na san camfi ne. Gobe ma zan ce camfi ne. To me ya sa na ji kamar an sauke mini dutse?

Lahadi 19 Oktoba, bayan sujada

An gama azumi. Amsa ta zo, za a tashi. Ranar Asabar, in an samu rakiyar jami'an tsaro, mota ɗaya za ta kwashe mu zuwa Gummi, daga can a ga abin da Allah zai yi.

Baba Jacob ya karanta wurin da aka ce wa Yesu uwarsa da 'yan'uwansa suna waje suna nemansa, shi kuwa ya nuna waɗanda ke zaune da shi, ya ce mai yin nufin Allah shi ne danginsa. Baba ya ce mu ke nan. Ya ce jini bai haɗa mu ba, wani daga Zuru, wani daga Kafanchan, wani daga Langtang, biyayya ce ta ɗaure mu kamar tsintsiya. Ya ce tsinken da ya zare kansa shara zai zama. Bai dube ni ba. Duk cocin ba wanda ya dube ni, da haka na san da ni ake.

Abin da ya tsorata ni shi ne, yana karantawa ni kuma fuskar Inna nake gani, tana tsince wake da jika a baya. Na kori tunanin. Ya dawo. Wa ya ba ni izinin jin Maganar Allah ta wata fuska dabam da dattijo?

Talata 21 Oktoba, da la'asar

Na je wurin Baba Jacob. Yana cire ƙusoshin allon waƙoƙi daga bango, yana tara su a aljihu, shi ba ya yar da ƙusa. Na ce, "Baba, yaya mutum zai san muryar Allah ce, ba tasa ba?"

Ya ce, "Shi ya sa aka ba mu juna. Mutum ɗaya yana iya ruɗin kansa, musamman mai baƙin ciki. Mu duka muka yi azumi."

Na ce, "Ni ban yi ba, Baba. Kunu nake sha."

Ya yi murmushi duk da ba ya so. Sai ya ce shekarunsa a garin nan sun fi nawa a duniya, a nan ya binne matarsa ta fari, ba ya jin daɗin tafiyar nan ko kaɗan. Amma an ba shi kiwon rayuka, kuma ba zai iya tsayawa gaban uwata ya ce ya baro ni ba. Ya ce, "Ita yarinyar tana da mutanenta. Ke mu ne mutanenki."

Gaskiya ya faɗa. Duk wanda na je wurinsa gaskiya yake faɗa mini, shi ya sa kaina ke ciwo.

Alhamis 23 Oktoba, da hantsi

Na samo dabara, ko na ce na zaci na samo. Na ce wa Inna ta shirya mu tafi Gummi tare, ita da yarinyar, motar ba za ta rasa wuri ba.

Ta ce, "In Mardiyya tad dawo ta iske gida ruhe hwa? Ta iske ba uwa ba ɗiya? Ni nan za ta ishe ni, ko da rai ko ba rai."

Na ce to a ba ni yarinyar, in an samu lafiya in kawo ta. Da na faɗa na ji yadda maganar take a kunne. Inna ba ta yi fushi ba. Ta ce Magaji ya je wurin liman ya tambaya a kan shayarwar, liman ya ce ya halatta, kuma tunda ta sha ta ƙoshi ba sau ɗaya ba ba sau biyat ba, ni uwa ce gare ta har abada, 'ya'yan da zan haifa 'yan'uwanta ne, ba aure tsakaninsu. Ta ce, "Ke uwa ta, ba mai ƙwace miki wanga. Amma ubanta bai iya rasa biyu cikin wata guda. In za ki tahi, tahi, ba mu riƙe ki da komi. Kin yi abin da ba a biya."

Da ta riƙe ni da wani abu da ya fi mini sauƙi.

Juma'a 24 Oktoba, da magariba

Dennis ya ɗaure kaya. Ya ɗaure nawa ma. Na ce ya kwance.

Ya ce, "Filo, hanyar nan ce ta hana mu kai namu asibitin Gummi. Yau an buɗe mana ita, ke kuma ki ce ba za ki bi ba, saboda 'yar wasu?" Na ce nufin Allah nake nema. Ya ce, "Kada ki sa Allah a ciki. Duk coci sun ji abu ɗaya, ke kaɗai kika ji dabam, ke ce annabiya?" Na ce shi da ko kallon yarinyar ba ya iya yi, me ya sani. Sai ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Idan na ji tana haɗiya sai in zaci shi ne. Sai in juyo."

Ban sani ba. Duk kwanakin nan muna kwana ɗaki ɗaya ban sani ba.

Ya ce ba zai iya zama a gidan nan ba, ni kuma na ce ba zan iya fita ba. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu. An ce mace ta bi mijinta, na sha faɗa wa amare haka a zumunta da bakina.

Asabar 25 Oktoba, da hantsi

Sun tafi.

Na raka su bakin kasuwa da Surayya a baya, don Inna na daka. Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma wannan ya fi duka zafi. Baba Jacob ya ɗora mini hannu ya yi addu'a, ya ce in Allah ne ya tsai da ni ya kiyaye ni, in kuwa taurin kaina ne ya gafarta mini ya kiyaye ni duk da haka. Ya ba ni makullin coci. Dennis ya shiga can ciki inda ba taga.

Mama Evelyn ce ta ƙarshe. Ta riga ta sa ƙafa ɗaya a mota sai ta sauko, ta buɗe jakarta ta ciro tsohon zanen nan, a wanke a ninke. Ta ce, "Har yanzu ina ganin kuskure kike yi. Riƙe. Ranar za ta zo, kuma ba na nan." Ta leƙa bayana ta gyara wa yarinyar wuya, ta ce wa ya koya mini goyo haka kamar na ɗauko buhu. Ta ce Dennis kuma in bar mata shi.

Na tsaya har motar ta sha kwana. Ban ji salama ba. Masu ba da shaida a coci kullum cewa suke da suka yi biyayya sai salama ta sauko musu. Ni tsoro ne ya sauko mini, da yunwa.

Lahadi 26 Oktoba, da hantsi

Na buɗe coci na share, na zauna a wurina. Na fara waƙa ni kaɗai, na ji muryata kamar ta akuya, na bari. Na zagaya baya na cire ciyawar da ke kan kabarin.

Laraba 29 Oktoba, da la'asar

Ba labarin Mardiyya. Shanun huɗar Magaji ba sa turkensu, ban tambaya ba.

Lahadi 2 Nuwamba, bayan azahar

Na hau tudun bayan makaranta inda waya ke kamawa. Mama Evelyn ta ɗauka, ta ce in tsaya kada in kashe. Sai na ji tulu da kacau-kacau, matan zumunta sun kewaye wayar suna yi mini waƙa, tana yankewa tana dawowa. Na tsaya a kan tudu ina amshi, masu wucewa da jakuna suna kallona. Ta ce jakarta take ajiyewa a gefenta a benci, duk wadda ta zo zama sai ta ce wurin Philomena ne. Na tambayi Dennis. Ta ce yana cin abinci. Kafin in ce a ba shi, layin ya yanke.

Ashe tsinken bai zama shara ba. Ko kuwa dai tausayina suke ji? Ban sani ba.

Alhamis 6 Nuwamba, da la'asar

Mardiyya ta dawo. Magaji ne ya kawo ta a babur, an rufa mata zanen wata. Ba takalmi. Ba zan rubuta yadda ƙafafunta suke ba, na wanke na ɗaure. Inna, wadda ba ta yi kuka ba duk kwanakin nan, ta faɗi zaune a tsakar gida har sai da aka yayyafa mata ruwa.

Mardiyya ba ta magana. Ko sallama ba ta amsa. Ba wanda ya tambaye ta komai.

Juma'a 7 Nuwamba, da hantsi

An miƙa mata Surayya. Ta sa ta a ƙirji, babu komai, ya ƙafe ƙaf. Yarinyar ta ja sau biyu, ta saki, ta sandare tana ihu tana miƙo hannu wurina. Mardiyya ta miƙo mini ita ba tare da ta ɗago kai ba, ta juya fuska bango. Na san wannan juyin, ni na fara yin sa.

Zan rubuta wannan don ba mai karantawa sai Allah, shi kuwa ya riga ya gani. Da yarinyar ta miƙo hannu wurina, na ji daɗi. Daɗi sosai. Gwaggo Zinatu ma ta ce a bar ta wurina kawai tunda ta saba, ita uwar ta huta. Ba wanda zai zarge ni. Ga liman ya ce ni uwa ce.

Tambayar Mama Evelyn ta zo ta zauna a bakin gadona. Don wa? Duk makonnin nan ina roƙon a nuna mini nufin Allah a fili. Yau kam a fili yake, kuma ba na so.

Asabar 8 Nuwamba, da hantsi

Akwai abin da aka koya mana a makaranta, ban taɓa yi wa kowa ba. Nonon da ya ƙafe yana dawowa in yaro ya ci gaba da ja, amma yaro ba ya jan abin da babu komai. Sai a yaudare shi. Na tatsa nawa a kofi, na zaunar da Mardiyya, na sa mata yarinyar, na tsaya a kanta ina ɗiga nawa da cokali a saman ƙirjinta yana gangarowa bakin Surayya. Ita tana zaton na uwarta ne.

Ta ƙi, ta yi ihu, ta neme ni. Na ɓoye fuskata a bayan kafaɗar Mardiyya don kada ta gan ni. Rabin kofin a zane ya ƙare. Inna ta ɗora tukunyar kunun kanwa, ta ce mu biyu za mu sha kamar da.

Talata 11 Nuwamba, da azahar

Tatsa, ɗiga, wanke kofi. Tatsa, ɗiga, wanke kofi. Na daina ba ta kai tsaye. Hannuna ya yi tsami, bayana kamar an daka. In ta yi kuka ƙirjina yana amsawa har yanzu, sai in ce masa ba kai ake kira ba.

Asabar 15 Nuwamba, da hantsi

Muna cikin yi, hankalina ya tafi wani wuri, cokalin ya tsaya a hannuna. Yarinyar ta fara ƙananan kuka. Sai na ji murya a ƙasa-ƙasa, a dishe, muryar da ba a ji ba tun da ta dawo.

"Maman Dogara, ƙara ɗigawa."

Inna ta saki muciya. Ita maganar 'yarta ta ji. Ni kuwa sunan na ji. Haka Mardiyya ke kirana tun muna jego, ba wanda ya gaya mata an daina. Na ɗiga. Sai ga shi ina zuba mata a wuya, ta kama wuyan hannuna ta daidaita shi.

Dogara. Ɗana Dogara. Ga shi na rubuta, kuma takardar ba ta yage ba.

Alhamis 20 Nuwamba, da la'asar

Nonon Mardiyya ya kawo. Tun shekaranjiya muka ga alama, yau Surayya ta sha ta ƙoshi ba cokali ba kofi, ta yi gyatsa, na miƙa hannu ta dube ni ta koma ƙirjin uwarta.

An ce ranar kasuwa akwai rakiya zuwa Gummi. Na hau tudu na faɗa wa Mama, ta ce za ta ɗauke jakarta daga benci. Sai na ji an karɓi wayar, Dennis ya ce in zo da makullin coci, Baba na tambaya. Abin da ya iya faɗa ke nan, ni kuma na ce to.

Har yanzu ban san ko biyayya na yi ko taurin kai ba. Wataƙila Baba ya yi daidai da ya roƙa mini duka biyun.

Na ciro zanen daga ƙasan akwati na kai tsakar gida. Inna ta kama gefe ɗaya, Mardiyya ta kama ɗayan, da Surayya a bayanta tana barci. Inna ta ce ita ba ta iya ɗaurin mutanenmu ba. Na nuna musu inda Mama ke sa gwiwa.

Mardiyya ta ce, "Maman Dogara, in ya yi zahi ki hwaɗi."

Na ce su ja.